Maganin Da Ba A Sayarwa A Kemis

 A wannan mako za mu kawo muku wani abin da muka gani da idonmu a nan Tudun Wadar Zariya, wanda ya sa muka yi ta tambaya da karance-karance har muka ga bai kamata mu riƙe shi mu kaɗai ba.

Akwai wani dattijo a cikin ikilisiyarmu, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda hawan jini ya kayar da shi wata safiya yana shirin fita. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama da ƙafar dama sun shanye, magana kuma ta ɗauke. Yana ji, yana ganewa, amma in ya buɗe baki zai nemi ruwa sai wata kalma dabam ta fito, ko kuma ba abin da zai fito sam. Mutumin da a dā in ya kama labarin jirgin Ƙaura Namoda sai an roƙe shi ya huta, ga shi ya koma kallon bango. Magani yana sha a kan lokaci, 'ya'yansa ba su yi sakaci ba. Amma abinci sai an yi da gaske, in baƙi sun shigo kuwa sai ya kau da kai.

Ran wata Alhamis matan zumunta suka shirya zuwa gaishe shi, muka bi su. Sun riƙo tulunsu da kacau-kacau kamar yadda suka saba. Uwargidan ta tarye mu a ƙofa ta ce, "Malam, ku yi haƙuri, Baba ba ya son hayaniya yanzu." Shugabar mata ta ce, "Mama, baiti ɗaya kawai za mu yi mu tafi." Suka ɗauko wata tsohuwar waƙa, irin wadda ake yi tun yana saurayi, suka ja ta a hankali. Ana shiga baiti na biyu sai muka ji wata murya mai kauri ta shigo daga gado. Baba ne. Kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya, tas, har ƙarshen waƙar. Uwargidan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Da aka gama muka matsa kusa muka ce, "Baba, yaya jiki?" Ya yi ta ƙoƙari, amsa ta ƙi fitowa.

Waɗansu a wurin suka ce mu'ujiza ce. Ba mu da gardama da mai gode wa Allah, mu ma mun gode. Amma daga baya muka gane cewa likitoci sun daɗe da sanin wannan al'amari. A wurin yawancin mutane, sashen ƙwaƙwalwa da ke haɗa magana yana ɓangaren hagu ne, kuma ɓangaren hagu shi ke juya hannu da ƙafar dama. Shi ya sa wanda damansa ya shanye yakan rasa magana. Waƙa kuwa ba ta dogara ga ɓangare ɗaya ba, tana bin hanyoyi a hagu da dama, balle waƙar da mutum ya haddace tun ƙuruciya. A 1973 waɗansu likitoci a birnin Bostan na Amurka suka mai da wannan ya zama hanyar jinya: a koya wa majiyyaci ya rera 'yar gajeriyar magana, kamar neman ruwa ko gaisuwa, da murya mai hawa da sauka, ana bubbuga hannunsa na hagu a kan kowace gaɓa, har a hankali a janye waƙar maganar ta saura. Ba kowa take yi wa aiki ba, kuma tana cin lokaci. Amma ga waɗansu ta buɗe ƙofar da aka zaci ta rufe.

To, abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da ya biyo baya. A daren nan Baba ya ci tuwo, ya nuna a ƙara masa miya. Ashe rabin ciwon nasa kunya ce da kaɗaici, ba ƙwayar da aka rubuta masa da ta taɓa wannan wuri.

LAFIYA A BAKIN BAHAUSHE

Ku lura da yadda muke gaisuwa. Ba ma tsayawa a kan jiki. Mukan tambayi gida, da iyali, da aiki, da gajiya, da sanyi ko zafi, duka kuma amsarsu ɗaya ce, lafiya. Wato tun asali mun san lafiyar mutum ta haɗa jikinsa, da zuciyarsa, da zamansa cikin jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a tsarin da ta fara aiki da shi a 1948, ta bayyana cewa rashin cuta kaɗai bai isa a kira mutum lafiyayye ba, sai an haɗa da lafiyar tunani da ta zamantakewa. Masu yin jinya da waƙa, da zane, da rawa, da wasan kwaikwayo, da aikin hannu, a kan wannan suka tsaya. Sun ce in ciwo ya kama mutum duk ilahirinsa yake kamawa, saboda haka jinyar ma sai ta kewaye shi duka.

Sunan wannan fanni a Turai ya samo asali ne daga gadon asibiti. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, ya kamu da tarin fuka, aka kwantar da shi wata da watanni a zamanin da ba a samo maganin cutar ba tukuna, sai hutu da iska mai kyau. Don kada zaman ya haukata shi sai ya riƙa zana abubuwan da ke kusa da gadonsa. Ya ga hankalinsa ya kwanta, ya fara koya wa sauran majiyyata, a 1942 kuma ya raɗa wa abin suna, jinya da zane. Duk wanda ya taɓa kai ɗan'uwa cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye, nan kusa da mu, ya san irin tsawon yinin majiyyaci, ya kuma san yadda mutane ke gudun mai wannan ciwo. Ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, a asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka, aka lura cewa waɗanda yaƙi ya firgita sukan sami sauƙi in makaɗa sun zo, har aka fara horar da mutane musamman don wannan aiki, suka kafa ƙungiyarsu a 1950.

A ƙasarmu ma ba baƙon abu ba ne. A farkon shekarun 1950, Ulli Beier da Susanne Wenger, waɗanda suka zo daga Turai suka zauna a ƙasar Yarbawa, sun riƙa kai takarda da fenti gidan masu taɓin hankali da ke Lantoro a Abekuta. Mutanen da aka kulle aka manta da su suka yi zane-zanen da daga baya aka nuna wa duniya. A garin nan dai, a 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na Aro, inda maimakon a tsare majiyyaci a ɗaki, sai a saukar da shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, tare da wani danginsa, yana zuwa asibiti da rana, yana cuɗanya da mutane, yana taɓa aiki. Wannan tsari ya yi suna har Lambo ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Hukumar nan, a 2019, ta fitar da rahoton da ya tattara bincike sama da 3,000 a kan fasaha da lafiya. A cikin irin binciken da aka yi akwai guda da muke so matanmu su ji. A Landan an ɗauki mata 134 masu jego waɗanda ke fama da ciwon damuwa bayan haihuwa, aka sa waɗansunsu cikin rukunin waƙa tare da jariransu har mako 10. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa a cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa, masu zuwa waƙar sun fi saurin farfaɗowa. Mu nan, mace nawa ce ke zaune a ɗaki bayan suna, tana kuka ba ta san dalili ba, ana ce mata ta daina butulci tunda Allah ya sauke ta lafiya?

ABIN DA KAKANNINMU SUKA SANI

Kafin injin niƙa ya shigo, mace takan durƙusa a kan dutse da asuba tana niƙa tana waƙa. Wanda ya saurara da kyau ya san ba nishaɗi kaɗai take yi ba. A nan take faɗin abin da kishiya ta yi mata, da kewar gidan ubanta, da ɗan da ta binne, abubuwan da in ta faɗa da baki sai a tara mata dattawa. Haka lugude a bakin turmi, haka shantu, haka kiɗan ƙwarya. Manoma suna da gangar noma ranar gayya. Samari suna da wasan kalankuwa bayan kaka, inda ake naɗa sarki da alƙali na wasa, a kwaikwayi manya, a yi dariya a huce. Injin ya rage wa iyayenmu wahala, ba mai musun wannan. Amma ya tafi da waƙar niƙa, ba mu kuwa ga abin da ya maye gurbinta ba sai wayar hannu.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da labarin Sarki Saul a Littafin Sama'ila na Fari, yadda fadawansa suka nemo masa Dawuda ya riƙa kaɗa masa garaya in baƙin ciki ya taso masa, ya kuwa riƙa samun sauƙi. Sau da yawa a nan ake tsayawa da labarin. Amma in an ci gaba da karatu za a tarar wata rana Dawuda yana cikin kiɗan, Saul ya wurga masa mashi. Kiɗan ya kwantar, bai tumɓuke ba. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa.

ZARIYA TA TARA KAYAN AIKI

In ana maganar fasaha, ƙalilan ne garuruwan Nijeriya da za su ja da Zariya. A nan ne a 1958 ɗaliban zane irin su Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya fuskar zane a ƙasar nan, tun kafin kwalejin tasu ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A cikin birni ga maɗinka manyan riguna, masu aska biyu da aska takwas, ga mata a cikin gidaje suna ɗinkin hannu. A Wusasa ga tsohuwar majami'ar Bartalamawas ta 1929, wadda magina Hausawa suka gina da ƙasa. Nan Tudun Wada kuwa ga Kamfanin Gaskiya, inda littattafan Hausa suka yi ta fitowa.

Abin da ya fi kusa da batunmu shi ne aikin sashen wasan kwaikwayo na jami'ar. A tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton da abokan aikinsa suka fara koyar da wasan, aka gina musu dandali da tubalin ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, wanda wani Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich ya zana. Ba su tsaya a cikin jami'a ba. A 1977 suka fita Soba da Wasan Manoma, daga baya suka je Maska da Bomo, suka kuma shiga unguwannin Samaru. Malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka ci gaba da aikin. Da farko sukan shirya wasa su kai wa mutane. Daga baya suka ga ya fi kyau a zauna da mutanen gari a ji damuwarsu, taki ne, ko ruwa, ko filin da aka ƙwace, sannan su da kansu su fito su yi wasan, a tsaya a tsakiya a tambayi 'yan kallo yadda za a ɓullo.

Gaskiya ne su waɗannan malamai ba jinyar marasa lafiya suka sa gaba ba, matsalolin al'umma suka nufa. Amma darasin da suka gano shi ne zuciyar maganarmu: wanda abin ya dama shi ya kamata ya riƙe gangar. Kallon gwani yana da daɗi, amma sauƙin da ake nema ya fi zuwa in mutum da kansa ya buɗe baki ko ya motsa hannu.

A nan ne muke ganin mu masu ikilisiya mun yi sake. Muna da ƙungiyoyin mawaƙa, da zumuntar mata, da matasa masu wasan kwaikwayo, da malaman makarantar Lahadi. Ba ƙaramar dukiya ba ce. Amma duka mun karkata su ga gasa da burge baƙi. Mai muryar da ba ta da daɗi akan ce ta koma baya ta riƙa motsa baki. Tsohon da ya fara mantuwa akan bar shi gida don kada ya ɓata tsari. Yaron da ya dawo daga shaye-shaye ba mai ba shi ganga. Alhali kuwa su ne suka fi kowa bukatar abin. Shekara da shekaru babban asibitin koyarwa yana nan Tudun Wada kafin a mai da shi Shika a 2005, mukan shiga ɗakunan majiyyata mu yi addu'a mu ajiye lemo mu fito. Bai taɓa zo mana a rai mu tambayi majiyyaci wace waƙa yake so, mu yi ta tare da shi ba.

FENSIR DA TAKARDA

Garin nan ya ga tashin hankali. Manya suna tuna 1987 da 1992, matasa suna tuna 2011, da bama-baman da suka tashi a majami'u a Sabon Gari da Wusasa a watan Yuni na 2012, da abin da ya biyo baya, inda Kirista da Musulmi duka suka yi jana'iza. Sai kuma masu garkuwa da mutane, waɗanda a 2021 suka shiga har Kwalejin Nuhu Bamalli suka kwashi malamai da ɗalibai. In an sako mutum mukan yi sujadar godiya, a ci shinkafa, a watse. Abin da ya gani a daji kuwa yana nan tare da shi, haka ma yaran da suka kwana suna jiran ubansu.

Wata malamar makarantar Lahadi ta kawo mana takardun wani yaro ɗan shekara bakwai. An ce yara su zana jirgin Nuhu, shi ya zana babura, kowane da mutum uku a kai. Mako na gaba aka ce a zana makiyayi da tumaki, ya sāke zana babura. Ta so ta tsawata masa. Muka ce ta dakata, ta zauna kusa da shi ta ce kawai, "Ɗana, ba ni labarin wannan hoto." Ranar ce ya fara faɗin abin da ya gani ta taga daren da aka tafi da mahaifinsa, wata biyar ke nan bai gaya wa kowa ba, har uwarsa. Yaro ba shi da kalmomin da zai ɗauki irin wannan kaya, amma hannunsa yana iyawa. Kada a fassara masa zanensa, kada a ce ya yi kyau ko bai yi ba, kada kuma a liƙa shi a bango kowa ya gani. A tambaya, a saurara, in ya yi shiru a ƙyale shi. Bayan 'yan makonni baburan suka fara raguwa, wata rana ya zana gidansu da akuya a ƙofa.

Amma dole mu faɗi kuskurenmu. Da muka ga haka sai zumuɗi ya ɗebe mu, muka sa matasa su shirya wasa a kan garkuwa da mutane ranar godiyar kaka. Sun yi ƙoƙari ƙwarai, da rawuna da bindigogin katako da ihu. Ba mu yi shawara da kowa ba. Wata baiwar Allah da ta yi makonni a hannun mutanen nan tana zaune a layi na uku. Ana fara ihun ta miƙe tana rawar jiki, ta fita da gudu ba takalmi, ta yi wata biyu ba ta taka majami'a ba. Da muka je ba ta haƙuri ta ce, "Malam, ku kuna wasa ne, ni kuwa mayar da ni kuka yi." Ba mu da amsa. Mun ɗauki ciwonta mun yi wa jama'a kallo da shi, ba mu tambaye ta ba. Da mun bi hanyar mutanen Samaru, da ita ce za ta zaɓi abin da za a nuna, da inda za a tsaya, ko ma ta ce ba yanzu ba.

INDA GARAYA TAKE TSAYAWA

Yanzu mu koma kan mashin Saul. Akwai ciwon da waƙa ba ta isa ba. Wanda ke jin muryoyi, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana surutai, ko ya fara maganar kashe kansa, ko mai jegon da ta ƙi jaririnta, ko mai farfaɗiya, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba, ko Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kada wani ya ce wa majiyyaci ya ajiye ƙwayoyinsa tunda ya ji daɗin waƙa. Mai hawan jini da ya bar magani, faɗuwa ta biyu takan fi ta fari muni. Kuma mu da muke wannan a majami'a kada mu kira kanmu likitoci. A ƙasashen da fannin ya kafu, sai mutum ya yi karatu mai zurfi kafin a ba shi izinin yin jinya da zane ko kiɗa.

Sai dai kuma a duba halin da muke ciki. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abin a yaba ne. Amma a lokacin likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Likita zai ga majiyyaci minti kaɗan ya rubuta magani ya ce a dawo bayan wata. Sauran kwanakin watan a hannun wa yake? A hannun iyali ne da maƙwabta da jama'ar da yake sujada tare da su.

Abin da muka fara a wurinmu ba shi da yawa. Matan zumunta sun ware mutum huɗu da ke zuwa gidajen marasa lafiya, ba taron jama'a ba, kuma kafin su fara sukan tambayi iyali waƙoƙin da majiyyacin ya taso da su. Gwauraye mata suna haɗuwa ran Talata da yamma da allura da zare da kwarashi, ba wa'azi, ba mai tilasta wa kowa magana, amma mun lura in hannu yana aiki ido yana kan zare, baki yakan saki abin da ba zai faɗa ido cikin ido ba. Wata maƙwabciyarsu Musulma, gwanar ɗinkin hula, ita ke koya musu. A makarantar Lahadi kuma mun sayi fensir mai launi, mun ce sau ɗaya a wata yaro ya zana abin da ya ga dama.

Baba ɗan reluwe har yanzu hannun dama bai dawo ba, likita ma bai yi alkawari ba. Jikarsa ce ke zama da shi da yamma, tana riƙe hannunsa na hagu tana bubbugawa, suna rera sunayen mutanen gida ɗaya ɗaya. Makon jiya da muka shiga, kafin mu zauna ya ɗago kai, ya ja numfashi, ya ce, "San-nu, Ma-lam." Da waƙa-waƙa ya faɗe ta. Sannan ya nuna wa jikar kujera ta kawo mana.